Yadda ake loda riɗi da zoɓo a kwantena daga Kano zuwa ƙasar waje

Daga watan Oktoba zuwa Janairu ne kakar riɗi da zoɓo ke cika sito-sito na Dawanau, a lokacin ne kuma masu fitar da kaya ke rububin kwantena. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka ba a teku take farawa ba. Tana farawa ne ranar lodi, a ƙofar sito, sa'ad da aka karɓi kwantenar da ba a duba ba, ko aka zuba mata kayan da bai gama bushewa ba. Da zarar an buga hatimi a ƙofa, kayan zai yi wata ɗaya ko biyu a cikin akwatin ƙarfe ba wanda ke ganinsa, abin da ka rufe shi ne za a buɗe.

Zaɓen girman kwantena

Iri uku ne za ka fi cin karo da su. Ƴar ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 5.9 daga ciki, faɗi mita 2.35, tsayi mita 2.39, cikinta kimanin mita kubik 33. Nauyinta ba kaya yana wajen kilo 2,200 zuwa 2,300. Ƴar ƙafa 40 tsawonta mita 12 ne, tana cin mita kubik 67, nauyinta kuma yana kusa da kilo 3,750. Sai doguwar ƴar ƙafa 40, wadda ta ɗara ta da ƙafa ɗaya a tsayi, mai cin mita kubik 76.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ɗaukar cewa ƴar 40 tana ɗaukar ninki biyu na ƴar 20. A fili haka ne, a nauyi kuwa ba haka ba. Yawancinsu iyakar nauyinsu ɗaya ne, kilo 30,480 har da nauyin kwantenar kanta, kodayake akwai sababbi da aka rubuta musu 32,500. Ka cire nauyin ƴar 40 daga 30,480, abin da ya rage bai kai tan 27 ba. Riɗi kaya ne mai nauyi, ƴar 20 guda tana ɗaukar kimanin tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Ƴan 20 biyu ke nan tan 38, ƴar 40 guda kuma za ta tsaya a tan 26 da kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinta a wofi. Shi ya sa riɗi ya fi dacewa da ƴar 20. Zoɓo akasin haka yake: ba nauyi sai cin wuri, doguwar ƴar 40 za ta cika maƙil da tan 12 ko kusa da haka. Kada ka yarda ƴan dako su tattake buhunan zoɓo don a ƙara tan ɗaya, domin mai saye cikakken fure yake biya da tsada, gari kuwa rage masa kuɗi ake yi.

Takardu kafin a taɓa buhu

Sai kana da rajistar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta ƙasa, sannan bankinka ya buɗe maka fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP a kan kwangilar da ka ƙulla da mai saye. Akwai kuɗin NESS, wato na sa ido kan kayan da ake fitarwa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan a bakin jirgi, wanda bayan biyansa ne kamfanin duba kaya da gwamnati ta naɗa zai ba da takardar shaidar dubawa. Hukumar NAQS mai killace kayan gona ke ba da takardar lafiyar tsirrai, hukumar duba amfanin gona ta tarayya kuma ta ba da ta inganci da turaren ƙwari. Takardar asalin kaya daga ƙungiyar cibiyoyin ciniki ta NACCIMA ake karɓa. Ka'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan su dawo ta banki cikin kwana 180 daga ranar da ke kan takardar lodin jirgi, wato shaidar da kamfanin jirgi ke bayarwa cewa ya ɗauki kayan. A buɗe NXP tun kafin a nemi gurbi a jirgi, don kamfanin jirgi zai tambayi lambarsa, kwantenar da ta isa Legas ba shi kuwa zama za ta yi tana cin kuɗi.

A Kano za a yi lodi ko a Legas

Hanya biyu ce. Ko a zuba buhuna a tirela a kai wani sito a Legas a loda a can, ko a kawo kwantena ba kaya har ƙofar sitonka a Kano. Ta farko ta fi sauƙin samun kwantena, amma buhu zai sha ɗauka da saukewa sau biyu, kuma kayan da ya bushe ƙayau a iskar hunturu zai zauna cikin laimar Legas yana shan danshi. Riɗi da zoɓo duk suna jan ruwa daga iska. Ta biyu ta fi kare kayan, musamman idan ejan ɗinka ya samo kwantenar kamfanin jirgin da ka yi rajistar gurbi da shi wadda ta kawo kaya Kano aka sauke, tana shirin komawa fanko. Tashoshin tsandauri, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Zawaciki da aka ƙaddamar a 2023, an yi su ne don a kammala aikin kwastam tun daga Arewa. Kowacce ka zaɓa, kwantenar dole ta kasance wadda kamfanin jirgi ya saki a kan lambar rajistarka, ba wadda direba ya ce ya samo maka da araha ba.

Duba kwantena kafin karɓa

A nan ya kamata a ɓata lokaci, minti ashirin ko talatin, kuma mai kaya ko amintaccen yaronsa ne zai yi, ba direba ba. A nemi wadda kamfanin jirgi ya ware don kayan abinci tun wajen rajista.

Fara daga waje. A ƙofar dama akwai lambar kwantena: haruffa huɗu da lambobi bakwai. Haruffa uku na farko na mai kwantenar ne, na huɗu yawanci U, sai lambobi shida, ta ƙarshe kuma da ke cikin ɗan akwati ita ce ke tabbatar da sauran. Ka gwada ta da abin da ke kan takardar sakin kwantena harafi da harafi. Ƙasa da ita za ka ga lambar iri: 22G1 ƴar 20 ce, 42G1 ƴar 40, 45G1 doguwar 40. Nan ma aka rubuta nauyinta fanko da iyakar nauyin da aka yarda mata. A ƙofar hagu akwai wani ƙaramin faranti na ƙarfe mai rubutun CSC, shaidar cewa an gwada lafiyarta. Ana duba sabuwar kwantena kafin ta cika shekara biyar, daga nan duk bayan wata 30, sai dai in tana ƙarƙashin tsarin dubawa na kullum, wanda za ka ga an rubuta ACEP. Wadda ba faranti, ko wa'adinta ya wuce, tashar jirgi na iya ƙin karɓarta bayan ka riga ka cika ta. Ka duba kusurwoyi takwas masu rami, inda ƙugiyar kuren, wato injin ɗaga kaya, ke kamawa, kada a sami tsagewa ko walda ta gefen titi.

Sai ka shiga ciki, a rufe maka ƙofa gaba ɗaya da rana tsaka, wani na tsaye a waje. Ka ba idonka minti ɗaya ya saba da duhu. Duk inda ka hango ɗigon haske, a rufi ko a bango ko a gefen ƙofa, ta nan ruwan sama da na teku za su shiga. Ramin da bai fi kan ƙusa ba a rufi ya isa ya jiƙa buhu goma a wata ɗaya. Kada a yarda a toshe shi da sabulu ko salatif, a mayar da ita kawai.

Kana cikin duhun, ka yi amfani da hancinka. Riɗi mai ne kusan rabinsa, mai kuwa yana kama wari. Kwantenar da ta ɗauki taya, ko fenti, ko sinadari, ko kifi, warinta yana shiga katakon ƙasa ba ya fita da wanki. Idan an buɗe, ka duba katakon: ba tabon mai, ba laushi, ba ƙusa ko kan noti a tsaye da zai yaga buhun ƙasa. Ka ɗora tafin hannu ka ji ko da sanyi-sanyin laima, don sau da yawa ana wanke kwantena da ruwa a miƙo ta kafin katakon ya bushe, ruwan da ya sha kuma a kan kayanka zai amayar. Irin wannan a bar ta a buɗe a rana yini guda ko biyu. A share lungunan da ke tsakanin katako da bango, nan ne tsabar hatsin wani da ƙwarinsa ke maƙalewa. Ƙasar Meziko ta taɓa rufe ƙofa ga zoɓon Najeriya na tsawon shekaru saboda ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya. Daga ƙarshe a gwada robar da ke zagaye da ƙofa, a tabbatar ba ta tsage ko ta bushe ba, sandunan kulle huɗu kuma suna shiga mazauninsu sama da ƙasa ba sai da guduma ba. A ɗauki hoton komai tana fanko, har da lambar.

Gumin kwantena

Wannan shi ne babban maƙiyin kayan gona, kuma kwantenar da ba ta da rami ko ɗaya ma tana yin sa. Riɗin da ka ga ya bushe yana ɗauke da ruwa a cikinsa. Tan 19 mai danshi kashi 7 cikin ɗari yana ƙunshe da lita 1,330 na ruwa. Da rana ƙarfe ya yi zafi, kayan ya saki tururi cikin iska. Da dare ko jirgi ya shiga yankin sanyi, rufin ya huce, tururin ya taru a jikinsa kamar raɓa a murfin tukunya, ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama. Iska mai zafin digiri 30 tana riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowace mita kubik, a digiri 10 kuwa ba ta riƙe fiye da giram 9 da ɗoriya. Bambancin ne ke zuba, kuma kullum sai an maimaita. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, kakarmu tana faɗawa daidai lokacin sanyin Turkiyya da Sin da Japan, inda yawancin riɗin ke zuwa. Kayan da ya bar zafin tashar Apapa ta Legas a Disamba cikin hunturunsu zai sauka.

Maganin farko bushewar kayan. A auna da na'urar awon danshi, ba da haƙori ba, a ɗebo samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasan jibga. Riɗi kada ya wuce kashi 6 zuwa 7, zoɓo kada ya wuce 12, sai in kwangilarka ta faɗi ƙasa da haka. Buhu ɗaya mai laima a tsakiyar lodi yana iya haddasa fumfuna ya ɓata na kewaye da shi, fumfuna kuma ita ke kawo gubar afulatoksin da ake mayar da kaya saboda ita.

Na biyu shimfiɗa. A rufe ƙasa da bango da takardar kiraf mai kauri ko kwali busasshe, yadda buhu ba zai taɓa ƙarfe ba, a kuma shimfiɗa ninki biyu a saman lodin bayan an gama. Ba a sa leda a maimakonta, don leda ba ta shan ruwa, tara shi take yi ta zubar wuri ɗaya, ta kuma turara abin da ke ƙarƙashinta. Na uku maganin shan danshi, irin na gishirin kalsiyam kulorayid mai ƙugiya, wanda ke shan ruwa fiye da nauyin kansa ya mayar da shi kamar kunu. Ana rataya shi a zobban da ke saman bango. Ga ƴar 20 ta kayan gona, kilo 6 zuwa 10 ake yawan sawa gwargwadon nisan tafiya, ƴar 40 ninki biyu. Kada a yage ledarsa sai ana dab da rufe ƙofa, kuma kada buhu ya danne shi, in ba haka ba iska ba za ta kai gare shi ba, ko ya fashe a kan kaya.

Jera buhuna

A yi lodi a inuwa, ba a ruwan sama ba, ba kuma da sassafe lokacin da raɓa ke jikin ƙarfe ba. A tsayar da mutum biyu masu ƙirga, ɗaya na sito ɗaya na mai kaya, kowa da littafinsa. Ana farawa daga bangon ciki, a kai kowane layi tsayinsa kafin a matso. A riƙa saɓa jeri, wannan shimfiɗa a tsaye ta gaba a gicciye, kamar ginin bulo, don buhuna su riƙe juna. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin buhun sama da rufi, domin iska ta zaga, kuma kada a toshe ƴan ramukan shan iska da ke saman bango da buhu.

Nauyi ya bazu daidai. Ka'idar lodin kwantena ta duniya ta ce kada fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya taru a rabin tsawonta, kuma giɓin da aka bari ta kowace fuska, in an haɗa shi, kada ya wuce santimita 15. Wannan ya fi shafar mai sa riɗi a ƴar 40, inda ƴan dako ke son cika ciki har sama su bar bakin ƙofa fayau. Irin wannan lodin yana karkata in kuren ya ɗaga, yana danne gatari ɗaya na tirela, buhuna kuma su rufto duk lokacin da aka taka birki. A shimfiɗa shi tsayi ɗaya daga ciki har ƙofa. A layin ƙarshe a tare da katako ko igiyar ɗauri mai faɗi a zobban gefe, don kada lodi ya jingina da ƙofa ya faɗo wa wanda zai buɗe.

Turaren ƙwari aikin masu lasisi ne. Ƙwayar da ake kira bom a kasuwa, mai giram 3, tana sakin giram 1 na iskar fosfin, wadda ke kashe ƙwari, take kuma kashe mutum a rufaffen wuri. Tana buƙatar kwana biyar zuwa bakwai ko fiye a rufe kafin ta kai ga ƙwai da tsutsa, buɗewa bayan kwana biyu asarar magani ce. Ana sa ƙwayoyin a faranti ko jakar takarda don tokarsu kada ta haɗu da kaya, a manna takardar gargaɗi a ƙofa mai ɗauke da sunan maganin da ranar da aka sa, a kuma sanar da kamfanin jirgi. Wasu ƙasashen suna da maganin da suka wajabta, a tambayi mai saye tun farko. Fesa fiya-fiya a kan buhu ko a cikin kwantena kuwa kashe kai ne a kasuwa: saboda ragowar wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, Japan kuma tana gwada riɗi sosai kan ragowar maganin ƙwari.

Hatimi da awo

Kafin rufewa a ɗauki hoto a rabin lodi, da cikakke, da kuma lokacin da aka rufe ƙofar dama lambarta na fitowa. Ƙofar hagu ake fara rufewa, ta dama ta danne ta, saboda haka a hannun ta dama ake buga hatimi. A yi amfani da na ƙarfe mai kamar noti wanda kamfanin jirgi ya bayar, mai cika mizanin ISO 17712. A buga, a ja shi da ƙarfi a tabbatar ya kama, a rubuta lambarsa. Idan kwastam ko wata hukuma ta yanke shi don bincike, a tabbatar sabuwar lambar ce ta shiga takardar lodin jirgi, don saɓanin lamba ɗaya ya isa a tsare kwantena a tashar da za ta sauka.

Tun 1 ga Yulin 2016, dokar kare rayuka a teku ta hana ɗora kwantena a jirgi sai mai kaya ya miƙa tabbataccen nauyinta, abin da ake kira VGM. Ko a auna ta a cike a sikelin manyan motoci a cire nauyin tirela, ko a haɗa nauyin kaya da buhuna da takarda da katako da maganin danshi da nauyin kwantenar da ke rubuce a ƙofa. Ga kayan buhu awon sikeli ya fi aminci, tunda ba kowane buhu ne ke cika kilo 50 daidai ba. Da wannan adadin ake tsara wadda za ta zauna ƙasa da wadda za ta hau sama a jirgi, rage shi don kauce wa caji jefa ran mutane ne cikin haɗari.

Daga Kano zuwa bakin ruwa

Tafiyar ta kai kilomita dubu. A duba tirelar da ido: makullai huɗu masu juyawa su shiga ramukan kusurwa a murɗa su su kulle. Kwantenar da aka ɗora a buɗaɗɗiyar tirela aka ɗaure da sarƙa ɗaya ita ce ke zamewa a kwana ko a kan gada, kamar wadda ta faɗa kan motar fasinja a Ojuelegba a Janairun 2023. A Legas tirela ba ta shiga Apapa ko Tin Can sai da tikitin manhajar Eto mai tsara layin manyan motoci, kayan fitarwa kuma suna bi ta wuraren tantancewa kamar Lilypond da ke Ijora. A lissafa waɗannan kwanakin tun daga Kano.

Agogo biyu ke gudu a kanka. Na farko kwanakin kyauta da kamfanin jirgi ya ba ka daga ranar da ka ɗauki kwantena fanko zuwa ranar da ka mayar da ita tasha a cike, in sun ƙare ana caji kullum. Mai lodi a Kano ya nemi ƙarin kwanaki a rubuce tun lokacin rajista, don adadin da ake ba mai lodi a Legas ba zai ishe shi zuwa da turare da dawowa ba. Na biyu ranar rufe karɓar kaya ta jirgin. In ta wuce ka, sai jirgi na gaba, kwantenar ta ƙara mako ɗaya ko biyu tana gasuwa a rana tana hucewa da dare.

Idan kamfanin jirgi ya turo daftarin takardar lodi, a karanta shi kalma da kalma: sunan mai karɓa, lambar kwantena, lambar hatimi, adadin buhu, nauyi, tashar sauka. Gyara bayan jirgi ya tashi kuɗi ne, wani lokaci har da tarar kwastam a can. Za ka ga an rubuta cewa mai kaya ne ya loda ya jera ya ƙirga, ma'ana kamfanin bai ɗauki alhakin abin da ke ciki ba matuƙar hatimi ya isa lafiya. Inshorar kaya, wadda aka saba yi a kan kashi 110 cikin ɗari na darajarsu, tana iya biyan ruwan da ya shigo ta rami ko haɗarin jirgi, amma ba ta biyan ɓarnar da ta fito daga danshin kayan kansa ko mummunan lodi. Saboda haka a adana sakamakon awon danshi, da hotunan kwantena fanko da na lodi, da takardar turare, wuri ɗaya. Asalin takardun lodin, waɗanda yawanci uku ne, kada su bar hannunka ko hannun bankinka, kada kuma ka ba kamfanin jirgi umarnin sakin kaya ta saƙo, sai kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kansa ya shiga asusunka.